Tayil a Ɗakin Marka

Ranar Talata da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Malam Nata'ala maɗori, a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, aka shiga sauke kwalaye. Malam yana zaure yana feƙe karan ɗori da 'yar wuƙarsa. Direban ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da ruwan bana, sannan ya ce, "Baba, saƙo ne daga Alhaji Ja'afar na Kano. Tayil ne, na ɗakin Inna da banɗakinta. Ya ce mai aikin zai zo ranar Asabar ya shimfiɗa."

Da jin sunan, Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fiƙarsa, kamar da wani ake. Ja'afar ɗansa ne na fari, kuma sunan mahaifin Malam ya ci. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Shekara arba'in da shida, daga Malam har matarsa Marka babu wanda ya taɓa kiran sunan nan ko ya zauna ya yi doguwar magana da mai shi. In zancensa ya taso sai su ce "wancan na birni." Ko tashinsa ma ba a gabansu ya yi ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi Kabo, gidan Datti taubashin Malam, can ya girma.

Marka kuwa da aka shigar da kwalayen tsakar gida, sai ta manta da ciwon gwiwarta. Ta farke ɗaya, ta zaro tayil fari fat, mai sheƙi, ta ɗaga shi har ta ga ɗankwalinta a ciki.

"Allah Ya yi wa wancan albarka! Yau ina Ikilima take, ta zo ta ga ikon Allah?"

Ikilima matar Datti ce, ƙawar Marka tun suna 'yan mata. Bara ɗanta Muhsin ya sa mata tayil a ɗaki, kuma tun daga ranar duk wayar da za su yi sai ta sako shi a zance, ko da ta'aziyya ake.

Malam ya shigo, ya karɓi tayil ɗin, ya kwantar da shi a ƙasa. Ya ɗauki buta ya ɗiga masa ruwa kaɗan, ya ɗora tafin hannunsa ya danna. Hannun ya sulale kamar ya kamo tarwaɗa.

"Marka, kin ga abin da na gani?"

"Na ga tsoho yana wasa da ruwa."

"Zauna ki ji. Shekarata hamsin da 'yan kai ina ɗori. Lokacin da nake riƙe wa marigayi Baba ƙafar majinyata, wa ake kawo mana? Samari. Wannan ya faɗo daga ɗorawa, wancan daga rimi, wani yana jinkar rumbu tsani ya goce, wani raƙumi ya watsar da shi. Mace sai a yi damina biyu ba a kawo mana ba, in ba mai kaɗar kuka ba. Kuma ƙashin saurayi ɗanyen kara ne, ka ɗaure shi sati shida ya koma gona. Wanda ke mutuwa shi ne wanda ya faɗo ta ka daga can ƙololuwa, shi kuwa ba ya ma isowa zaurenmu."

"To sai aka yi yaya?"

"Sai aka zo zamanin da yara suka daina hawa bishiya suka koma hawa benen masu kuɗi a birni, suna ɗaukar siminti a ka. Su ma na ɗora su da yawa. Amma yau shekara goma sha biyar, wa ake kawo mini a kwance cikin mota? Ke da kanki kina leƙowa ta labule. Tsofaffi. Kuma a cikin tsofaffin, ku mata kun fi yawa nesa ba kusa ba. Ba daga sama suke faɗowa ba, daga tsayensu ne. Ta shiga alwala, silifas ya jiƙe, shi ke nan ƙugu ya tafi. Ƙugun tsohuwa kuwa ba ya jin kara, ba ya jin addu'ata, ko asibitin ma sai an dace. Ta kwanta wata uku, baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika, a kira mu jana'iza a ce tsufa ne. Mata biyu a Kutama, ɗaya a garin Kara, nan cikin Gwarzo huɗu. Maza biyu kacal na sani. Ban ce duk tayil ne ba, tsofaffin ma yanzu sun fi yawa, Allah Ya ƙara wa mutane kwana. Amma biyar daga cikin bakwai ɗin nan, a kan irin wannan farin abin aka tsince su. Da can daɓe ne a ɗakunanmu, yana riƙe ƙafa."

Marka ta tafa hannu. "Daɓe! Malam, wa ke yin daɓen? Kai ka taɓa riƙe madaɓi? Ni na yi shekara talatin ina durƙuso ina bugun ƙasa ina yayyafa makuba, wannan gwiwar da kake gani can ta ƙare. Yanzu da Allah Ya kawo hutu ta hannun ɗa, sai ka zo mini da lissafin matattu? Ikilima shekararta guda a kan tayil, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ita da wace ƙafa Allah Ya yi ta, ta ƙarfe?"

"Ke dai..."

"Ni dai Asabar. In ba ka so, ka kira mai kyautar ka faɗa masa."

Ta san inda ta soka. Malam ya koma zaure ya ɗauki wuƙarsa, amma karan da ya kama sai da ya feƙe shi har ya ƙare a banza. Hana mai aiki shiga gida ba wuya, gidansa ne. Sai dai in uba ya mayar da kyautar ɗa ba tare da magana ba, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Nata'ala yana fushi da ɗan farinsa, kuma fushin uba ba abin da ake wasa da shi ba ne. Dole mai kyautar ne zai janye da kansa. Hanyar zuwa gare shi kuwa guda ɗaya ce, ta Kabo ta bi.

Washegari da safe ya hau mota. Ya tarar da Datti a ƙofar gida a kan benci, yana ɓare gyaɗa yana korar kaji da ƙafa.

"A'a! Bawana ne da sassafe? An kore ka daga gidan ne, ko ka zo yi mini shara?"

"Wa zai yi wa matsiyaci shara? Tashi ka ba manya wuri."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa yana cusa wa ɗan'uwansa baƙar magana a tsakanin lafiya lau da madalla. Sannan Malam ya ce bari ya shiga ya gaida mai ɗaki tukuna.

Abin da ya gani a ɗakin Ikilima ya sa ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule. Tayil ɗin da ake ta yi wa Marka gori da shi, ba a ganin ko tafin hannu ɗaya nasa. An bi shi da buhunan taki, an ɗora tabarmi, an ƙara da tsofaffin zannuwa, tun daga bakin gado har ƙofar banɗaki. Ikilima ta taso za ta kawo masa ruwa, tana bin bango da hannu ɗaya kamar ƙadangaruwa, ɗaya hannun kuma a ɓoye cikin mayafi.

Idon maɗori ba a yi masa ɓoyon hannu.

"Hajiya, miƙo nan in gani."

"Wai me? Ba komai, sanyi ne."

"Sanyin da ke kumbura wuyan hannu ya bar sauran jiki? Miƙo."

Ta miƙo tana kallon ƙofa. Ya lalluba da babban yatsa, ya yi bisimilla, ya ja, wani abu ya ce ƙas. Ikilima ta yi salati da ƙarfi, sannan ta juya hannun ta ji ya saki.

"Targaɗe ne, kin auna arziki. Sau nawa?"

"Sau biyu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na farko da azumi, na zauna daɓas, kwana uku ina sallah a zaune. Wannan kuwa shekaranjiya. Yanzu alwala ma a tsakar gida nake yi, wanka a tsohon makewayi. Muhsin bai sani ba, in zai zo sai mu kwashe buhunan. Yaro ya kashe dukiyarsa don ya faranta mini, in ce masa me?" Sai ta ɗaga yatsa. "Malam Nata'ala, na haɗa ka da girman Allah, kada Marka ta ji. In ta ji, na shiga uku da dariyarta har kabari."

Ga shaida a hannu, ga rantsuwa ta ɗaure baki. Malam ya fito yana jinjina kai, ya zauna kusa da Datti ya zayyana masa abin da ya kawo shi, ya ce a kira wancan na birni a faɗa masa.

Datti ya share hannu a riga, ya zaro waya daga aljihu, ya nisanta ta da ido yana neman lamba. Da ta shiga sai ya danna wurin da ke sa murya ta fito fili, ya ajiye ta a kan benci a tsakaninsu.

"Salamu alaikum, Baba Datti! Barka da hantsi. Ya Kabo, ya su Hajiya?"

"Lafiya lau, Ja'afaru. Ga ni da wani tsoho nan, ya zo daga Unguwar Tudu."

Muryar ta sauka nan take. "Allah Ya ƙara masa lafiya. Baba Datti, a gaishe shi. A ce masa ya ƙarfin jiki."

"Ka ce masa lafiya lau," in ji Malam, yana kallon kaji. "Ka ce masa kaya sun iso, Allah Ya yi albarka. Amma ka ce masa abin nan yana da santsi, ba na tsofaffi ba ne."

Datti ya gyara murya. "Ya ce kaya sun iso, Allah Ya yi albarka. Ya ce amma abin ya yi kaɗan, ka manta da tsakar gida."

Malam ya zaro ido. Daga cikin waya kuwa, ko dai hayaniyar kasuwa ta hana Ja'afar jin maganar farko, ko kuma ladabi ya sa ba ya sauraron abin da ba a miƙo masa ba, sai ya ce, "Kai, wallahi ban yi tunani ba. Wannan mai sauƙi ne, Baba Datti. Gobe a ƙaro kwali talatin."

"Datti!" Malam ya ce cikin raɗa, yana dukan cinyarsa. "Kai wane irin la'ananne ne? Ka ce masa ba a so! Ka ce masa zamewa ake yi!"

"Ya ce kuma a samo mai sheƙi sosai, irin wanda ƙuda ma in ya sauka sai ya zame. Har zaure yake so, inda majinyata ke zama."

"To, to, an gama. Bari ma in kira mai shagon yanzu, don motar gobe ta taho da su."

Datti ya rufe wayar da tafin hannu, ya juyo. Dariyar ta bar fuskarsa, ko da yake idon yana nan da shaƙiyancinsa. "Nata'ala, shekara arba'in ina kai maka saƙo ina dawo maka da amsa, kamar ɗan aiken hakimi. Na kai na auren fari, na kai na suna, na kai na Makka. Wannan na ran matarka ne. Ga shi nan yana jin ka. In kunya ta fi maka Marka, to, gobe kwali talatin." Ya ɗauke hannunsa.

"Baba Datti? Kana ji na? To sai an jima, bari in..."

"Ja'afaru."

Kaji ma kamar sun tsaya. Sunan nan bai taɓa fita daga bakin Malam Nata'ala ba tun da aka haife shi. Da yana yaro sunan ubansa ne, da ya girma sunan ɗansa ne. Ya ji shi a harshe kamar baƙon abinci, har sai da ya taɓa leɓensa.

Can cikin wayar ana jin ƙarar babura da masu talla. Sannan wata murya da ba ta yi kama da ta Alhajin da ke da shago uku ba ta ce, "Na'am, Baba."

"Kada ka saurari wannan mahaukacin. Ni ne da kaina. Ka ji ni da kyau, don ba lalle in iya maimaitawa ba."

Ya faɗa masa duka, yana kallon ƙasa kamar yaron yana tsaye a gabansa. Ya faɗi samarin da na rimi da ɗorawa, ya faɗi tsofaffin yanzu, ya lissafa matan nan bakwai da unguwanninsu, da yadda biyar ɗin da suka faɗi a kan tayil kowacce ɗanta ne ya sa mata don ƙauna. Ikilima kaɗai ya tsallake, tana kuwa tsaye a bayan ƙyaure tana sauraro.

"Uwarka shekararta sittin da takwas, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa, kuma sau biyar take shiga ruwa a rana, ban da wanka. Na ɗora ƙashin mutanen ƙasar nan kaf. Nata ne ba na so a kawo mini zaure."

"Baba, wallahi ban sani ba," in ji Ja'afar. "Ni hutu na so mata. Na ga duk abokaina sun yi wa iyayensu. A fasa, Baba. A mayar da shi, ko a zubar."

"Ba za a zubar ba, kyautarka ce. Kuma in aka mayar, uwarka za ta cinye ni ɗanye."

Datti ya tsoma baki, bakinsa cike da gyaɗa. "Ku da ba ku da wayo, uba da ɗa. Bango fa? Wa ya taɓa zamewa a bango in ba ƙadangare ba?"

Ja'afar ya yi dariya har da jan hanci. Ya ce haka za a yi: tayil ya hau bango, ƙasa a yi mata siminti mai kaushi, a kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki kusa da inda take ajiye buta. Zai kira mai aikin ya faɗa masa.

"Baba... Inna fa? Wa zai faɗa mata? Ni dai ka san ba ta tsayawa in na yi sallama."

"Wannan nawa ne," in ji Malam, ba don yana da wata dabara ba.

Da aka kashe waya, Datti ya miƙa masa gyaɗa. "Ka ga, ba ka mutu ba. Sake faɗa in ji, ban ji daɗinsa sosai ba."

"Allah Ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Ka gaida Marka."

A mota yana komawa, Malam ya shirya jawabi kala uku, kowanne ya rushe kafin a kai kwanar gari. Ya iso bayan la'asar. Ya tarar da Marka zaune a kan kwalayen tayil kamar mai gadin su, waya a cinyarta. Ya yi sallama, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai fara da na farko.

"Ikilima ta kira ni," ta ce.

"Ta ce me?"

"Ta ce wai a ƙofar gidansu, gaban kaji da mutane, ka kira sunan." Ta rufe baki da gefen mayafi, kamar ita ce ta yi abin kunyar. "Malam, da gaske ne? Da bakinka?"

"Da bakina."

"Har ya amsa?"

"Ya amsa."

Marka ta daɗe tana kallonsa. Ta san mutumin nan shekara hamsin. Ta ga ranar da wancan na birni ya dawo daga Makka, gari ya cika, Malam ya zame ya tafi gona don kada a haɗa su gaisawa a gaban jama'a. Ta sauke mayafin a hankali.

"Ashe abin ya kai haka."

"Ya kai, Marka."

Ta shafa kwalin da take zaune a kai, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙwace wa nama a baki. Sannan ta ɗago, idonta ya dawo da haskensa.

"Ita Ikilima, nata ya hau bango?"

"Ko kamu ɗaya."

"To. Tunda bakinka ya buɗe, ka koma ka ce wa wancan ɗin, ba rabin bango nake so ba. Har rufi. Ciki da banɗaki. Kuma a bar mini guda huɗu in jera a bayan murhu."

Ranar Asabar mai aiki ya zo da igiyarsa da cokalin gini. Marka ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa, ta zauna tana nuna masa inda layi ya karkace tun kafin ya karkace. Da azahar bango ɗaya ya tashi fari tas, ɗakin ya yi haske har maƙwabta suka fara shigowa kallo. Mai aikin ya share gumi, ya dubi kwalayen da suka rage, ya dubi ƙasa.

"Inna, akwai saura fa. Ko in ɗan shimfiɗa miki nan gaban gado, don kyau?"

Daga zaure, wuƙar Malam Nata'ala ta tsaya cak a jikin kara.

"Kai, yaro, ɗaga shi sama," in ji Marka. "Ƙasar nan bar mini ita da kaushinta. Ni da ita mun saba."